Mizani a Kan Wasannin Kwaikwayo Masu Dogon Zango

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ji da gani, ya sanya su amana a wuyan bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan magana ce zuwa ga malamai ma'abota allo da tawada, da attajirai da fatake ma'abota mudu da sikeli, game da wani baƙo wanda ya sauka a gidajensu ba tare da sallama ba, har ya zama ɗan gida. Baƙon nan kuwa shi ne wasan kwaikwayo mai dogon zango, watau labari guda wanda ake yankawa gunduwa-gunduwa, ana nuna kashi ɗaya kowane mako a akwatin talabijin ko a wayar hannu, shekara ta zagayo ba a kai ƙarshensa ba. Matan aure sun san ranar fitowarsa kamar yadda suka san ranar kasuwa, yaran shago suna gardama a kansa tsakanin ciniki da ciniki, almajirai kuma sukan kewaye mai waya guda bayan an tashi daga karatun dare. Mutane sun kasu biyu a kansa: wasu sun yanke cewa ɓarna ce tsantsa ba su ko duba ba, wasu kuwa sun buɗe masa ƙofa sun tafi sun yi barci. Dukansu biyu sun bar mizani. Abin da ya dace da ma'abota ilmi da ma'abota ciniki shi ne a kwance kayan, a duba, a auna, sa'an nan a yi masa kuɗi.

Fasali na farko: asalin al'amarin

Hoto mai motsi tsohon abu ne a ƙasar Hausa, gardama a kansa ita ma tsohuwa ce. Tun zamanin Turawa ake yawo da majigi gari-gari ana nuna wa talakawa noman gyaɗa da tsabtar rijiya. Sa'an nan aka gina gidajen silima a Kano a bayan ganuwa. A shekarar 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasa rayukansu, jama'a da yawa suka ɗauki abin ishara ce. Da aka buɗe silimar Palace cikin birni kusa da kasuwar Kurmi a 1952, malamai da dattawa suka ƙi abin ƙwarai, aka daɗe ana duban mai shiga silima da idon rashin mutunci. Amma silima gida ce mai ƙofa, ba ta samun kowa sai wanda ya taka da ƙafarsa ya je.

Talabijin ya fara aiki a Kaduna a 1962, Kano kuma ta sami tata tashar CTV a 1982, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Nan ne jama'a suka san su Samanja Mazan Fama da Karkuzu da Ƙasimu Yero, waɗanda galibin wasanninsu gajeru ne, a yi dariya a ɗauki darasi a tashi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan sana'ar ta buɗe, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama matattarar dillalan kaset, daga baya na faifai. Wannan ciniki ya ci zamaninsa, har satar fasaha da masu tura fim a waya da ɗan kuɗi kaɗan suka karya shi. Masu sana'ar suka shiga neman wata kasuwa. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta fara nuna Daɗin Kowa a 2015, sa'an nan Kwana Casa'in da Gidan Badamasi a 2019. Da annoba ta kulle mutane a gidajensu a 2020, sai Izzar So da Labarina suka fito suka tarar da jama'a zaune ba aikin yi. Tun daga lokacin ƙofa ta ɓalle, kusan kowane mai shirya fim ya buɗe tasharsa a YouTube.

Fasali na biyu: inda kuɗin yake fitowa

Attajiri ba ya fahimtar haja sai ya san wanda ya saya da wanda ya sayar. A zamanin faifai mai kallo shi ne mai saye: ya ba da kuɗinsa sau ɗaya, ya karɓi labari cikakke a faifai ɗaya ko biyu, in ya ji an cuce shi ba ya komawa. Yanzu kuwa ciniki ya juya. Kamfanin YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12. In ya cika wannan sharaɗi, sai a riƙa sanya talla a cikin abin da ya ɗora, a ba shi kashi 55 cikin 100 na kuɗin, kamfani ya riƙe saura. In kuma tsawon abin ya kai minti 8, ana iya tsinka shi a tsakiya a cusa wata tallar. Ban da wannan akwai tallar da masu wasan suke karɓa da kansu daga hannun 'yan kasuwar gida, masu atamfa da shadda, da masu sayar da filaye, da masu magunguna.

To, a lura da kyau. A cikin wannan ciniki mai talla shi ne mai saye, mai wasa shi ne dillali, hajar da ake sayarwa kuwa ita ce lokacin mai kallo. Wanda ya ce yana kallo kyauta bai yi lissafi ba, gama ya sayi data da kuɗinsa, ya kuma ba da sa'o'insa an sayar wa wani. Daga nan ne illa ta farko ta tsiro: tun da ribar mai wasa tana cikin daɗewar mutane a zaune, ƙarewar labari asara ce gare shi. Labarin da zai ƙare a kashi 20 sai a ja shi ya haura 100, kamar mai nono da ta ga masu saye sun yi yawa ta nufi randa.

Wajibi ne kuma a san cewa tashar Arewa24 an kafa ta ne da tallafin Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka, ta hannun ƙungiyar Equal Access, a lokacin da fitinar Boko Haram take kan ganiyarta, da nufin kawar da matasa daga tsattsauran ra'ayi. Daga baya ta koma tashar kasuwanci mai dogaro da talla. Kawar da matasa daga zubar da jini manufa ce wadda babu malamin ƙwarai da zai ƙi ta. Amma duk da haka hakkin mai kallo ne ya san wanda ya ɗauki nauyin labarin da ake ba 'ya'yansa, kamar yadda almajiri yake tambayar salsalar littafi kafin ya ɗauke shi.

Fasali na uku: abin da ya cancanci yabo

Adalci ya wajaba ko a kan abin da zuciya ba ta so. Akwai daga cikin wasannin nan waɗanda suka faɗi gaskiyar da masu mumbari da yawa suke kewaya ta.

Kwana Casa'in, wanda Salisu T. Balarabe ya ba da umarninsa, an gina shi a kan wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, da gwamnanta Bawa Maikada, da ɗan jarida Sahabi, da Malam Adamu, malamin makaranta wanda guguwar siyasa ta ɗauko. An nuna yadda ake sayen ƙuri'a da 'yan jarida, da yadda asibitin talaka yake lalacewa alhali masu mulki suna shagali, da yadda 'yan barandan gwamna suke yin mulki a bayansa. Mafi amfani a cikinsa shi ne an nuna cewa hawan mutumin kirki kan kujera ba ya wadatarwa in waɗanda suka kewaye shi ba su gyaru ba. Wannan ita ce mas'alar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa Kanawa bayaninta a Liya'ul Hukkami, ga ta an kawo wa wanda bai taɓa zama gaban malami ba.

Gidan Badamasi, na Falalu Ɗorayi, wasan dariya ne, amma dariyar tana da ƙashi a ciki. Alhaji Badamasi attajiri ne marowaci wanda ya ɓata ƙuruciyarsa da auri-saki, ya watsa 'ya'ya gari-gari bai san tarbiyyarsu ba, sa'an nan da tsufa ya kama shi suka taru a gidansa, kowa idonsa a kan dukiya. Babu unguwar da ba ta san irin wannan gida ba. Mai dukiyar da ya kalle shi ya yi dariya kawai, bai tashi ya ƙirga nasa 'ya'yan ba, lalle ya yi asarar kallonsa.

Daɗin Kowa, wanda ya ci lambar girma ta Africa Magic a 2016, ƙarfinsa shi ne ya zauna cikin talakawa. Ga mai shayi, ga maigadi, ga rigimar Adama da mijinta Kamaye a kan cefane, ga Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya suna zaman maƙwabtaka. An taɓo shaye-shaye, da auren dole, da halin 'yan gudun hijira. Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fitar a tasharsa ta Bakori TV, marigayi Nura Mustapha Waye ya ba da umarninsa har rasuwarsa a 2022, ya tsayar da saurayi mai riƙon amana, Umar Hashim, a gaban girman kan 'yar masu kuɗi, ya nuna wa samari cewa mai gaskiya a wurin aiki ba wawa ba ne. Labarina na Aminu Saira kuwa ya ɗaga darajar sana'ar ta fuskar tsabtar hoto da tsara zance, har mutanen da suka daɗe da juya wa fim ɗin Hausa baya suka dawo.

Har wa yau akwai fa'idodi biyu na gaba ɗaya. Ta farko, rawa da waƙa irin ta Indiya, wadda ta cika finafinan zamanin faifai kuma ita ce babban abin da malamai suka yi ta suka, ta ragu ƙwarai a cikin waɗannan wasanni. Ta biyu, ɗan Bahaushen da aka haifa a zangon Kumasi ko a Sudan ko a Jidda yana jin harshen iyayensa kowane mako, da gaisuwarsa da karin maganarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fasali na huɗu: abin da ya cancanci zargi

Na farko shi ne jan labari wanda ambatonsa ya gabata. Ko waɗanda aka yaba ba su kuɓuta daga gare shi ba. Akan ga zance guda ana maimaita shi a ɗaki uku, mutum ya fito daga mota a bi shi da na'ura har ya hau bene, asirin da kalma ɗaya za ta warware a riƙe shi wata shida. Saboda tsawon zango 'yan wasa sukan gaji su fita, kamar yadda ya faru a Labarina da mai fitowa a matsayin Sumayya ta bar shirin a 2022, daga baya aka kawo wata ta ɗauki sunan. Ƙissar Annabi Yusufu, wadda Alƙur'ani ya shaida da kyawunta, ta tattara rijiya da bauta da kurkuku da mulki da haɗuwar iyali cikin aya 111, ana karance ta a zama ɗaya. Mai hikima ya san inda zai tsaya.

A yi lissafi irin na kasuwa. Mutumin da yake bin wasa 5, kowane ɗaya sa'a guda a mako, ya kashe sa'a 260 a shekara. Mai tilawa a tsanake yakan karanta izu ɗaya cikin rabin sa'a, watau izu 60 cikin sa'a 30. Ashe abin da ya tafi a kallo ya isa sauka 8 da ɗoriya. Ba a ce kowace sa'a ta ɗan Adam sai ta zama tilawa ba, gama rai yana bukatar hutu, shari'a kuma ba ta hana nishaɗi mai tsabta ba. Amma galibin wasannin nan da dare ake sakinsu, lokacin da a da yara suke biya allo, magidanta suke zama gaban malami da Ahalari ko Iziyya ko Risala, uwa kuma take yi wa 'ya'yanta tatsuniya. Abin da aka tura gefe domin a ba baƙo wuri, shi ne abin dubawa.

Na biyu ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. A yawancin wasannin akwai Alhaji mai gidan bene da motoci jere, amma da wuya a ga inda yake samo kuɗin. Ba a ganinsa da asuba a Kantin Kwari yana jiran a sauke dila, ba a ganinsa a Dawanau yana duba buhu, ba a ganin shekarun da ya yi yana yaron shago kafin ubangidansa ya sallame shi, balle ranar da kaya suka nutse ko bashi ya karye. Dukiya tana nan kawai kamar an haife shi da ita, aikinsa kuwa neman aure da rabon kyauta. Yaron da ya tashi yana ganin haka zai ɗauka arziki sa'a ce, ya raina jarin da aka ba shi, yarinya kuma ta raina saurayi mai sana'a. Ko a zangon Labarina na Alhaji Mainasara, inda mai kuɗi ya ɓad da kama ya zama talaka domin ya gwada masu sonsa, niyyar marubucin kyakkyawa ce, amma abin tsoro shi ne darasin da wasu 'yan mata za su ɗauka: a yi haƙuri da talaka domin wataƙila attajiri ne a ɓoye. Talakan gaskiya fa, wanda babu bene a bayansa?

Na uku ya shafi hukunce-hukunce. Aure da saki da gado su ne ginshiƙan yawancin labaran nan, alhali kuwa sau da yawa ana taka su ba da sani ba. Miji ya fusata ya jefa saki uku a numfashi ɗaya, a nuna shi kamar jarumtaka, ba a sami ko mutum ɗaya a cikin wasan da zai ce wannan saɓo ne ba. Matar da aka yi wa saki ɗaya ta ɗauki akwati ta fice nan take, alhali farkon Suratuɗ Ɗalaƙi ya tsayar da cewa a ɗakinta za ta yi idda, domin ko Allah ya sa a shirya. Saurayi da budurwa su keɓe a mota ko a ofis a rufe ƙofa, a mayar da shi al'ada. Gaskiya ne waɗannan abubuwa suna faruwa a gari, mai wasa kuma yana iya cewa madubi ya ɗaga. To, amma madubin da yake nuna kuskure kullum ba tare da mai gyara ba, a ƙarshe malami yake zama, ya koyar da kuskuren. Mace da yawa a cikin kulle ba ta da wani littafin fiƙihu da ya wuce abin da take gani a waya.

Na huɗu shi ne surar malami. Malam Nata'ala na Daɗin Kowa malamin almajirai ne wanda aka gina domin a yi dariya, da rauninsa na ɗan Adam a fili, jama'a kuma sun so shi. Bai kamata malamai su yi fushi da wannan ba, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma kowa ya san akwai masu tara yara su sake su bara, da masu cin kuɗin mata da sunan taimako. Abin zargi shi ne rinjaye. A cikin wasanni da yawa in an ga mutum a kan buzu da allo da tasbaha, to kishiya ce ta zo a raba miji da uwargida, ko ɗan siyasa ya zo a binne masa layu, har yaro ya kasa bambance malami da boka. Da wuya a ga alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, yana noma gonarsa da damina, yana sasanta ma'aurata, yana wanke gawar wanda ba shi da kowa. Irin waɗannan suna nan a kowane gari, su ne kuma mafi yawa.

Na biyar shi ne wasannin daba, irin su A Duniya. Masu yinsu sun ce nufinsu a ga mugun ƙarshen ɗan daba. La'alla haka ne, amma ƙarshen yana zuwa bayan kashi masu yawa, kafin nan kuwa yaro ya haddace kirari da tafiya da yadda ake riƙe wuƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko zuwa dama ko zuwa hagu.

Fasali na biyar: waɗanda suka zo daga ƙetare

Ban da na gida akwai na waje da ake juyawa zuwa Hausa. Wasan Ertugrul na ƙasar Turkiyya, wanda aka nuna daga 2014 zuwa 2019 cikin kashi 150, ya sami karɓuwa wurin masu addini saboda sallah da zikiri da jarumtaka da ke cikinsa. Sai dai a sani, abin da tarihi ya tabbatar game da mutumin nan, mahaifin Usmanu wanda ya kafa daular Usmaniyya, kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan abin da ake gani ƙirƙirar marubuci ce, har da zamansa da Shehu Ibnu Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240. Wanda ya kalle shi a matsayin labari bai yi laifi ba, wanda ya hau mumbari da shi a matsayin tarihi ya yi ganganci.

Mafi nauyi daga wannan shi ne wasan Annabi Yusufu da aka yi a Iran a 2008, da na Sayyidina Umar da tashar MBC ta nuna a azumin 2012, inda 'yan wasa suka fito da fuskokinsu a matsayin Annabawa da manyan Sahabbai. Malaman Azhar sun daɗe da fatawar hana wannan, hujjarsu kuwa a fili take: fuskar ɗan wasa takan manne a zuciyar yaro, duk sa'ad da aka ambaci Annabin Allah ita zai gani, gobe kuma ya ga mai fuskar nan a wani wasa na daban. Magidanci ya kiyaye wannan ƙofa, ko da an ce masa wasan addini ne.

Akwai kuma abin kunya a nan ga masu dukiya. Turkawa sun zuba kuɗi a kan kakansu har duniya ta san sunansa. Ƙasar Hausa kuwa tana da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello, da labarin Nana Asma'u da 'yan taru, da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ƙarƙashin madugu, wata da watanni a hanya, da tashin Alhasan Ɗantata daga fatauci har ya zama abin misali kafin rasuwarsa a 1955. An taɓa mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, watau abin mai yiwuwa ne. Mai ɗan jarin da yake jiran kuɗin YouTube ba zai iya hayar dawaki da raƙuma ba. Shi ya sa ya tsaya a falo da kishiyoyi biyu.

Fasali na shida: hukuma, da abin da ya rage a wuyan kowa

Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2024 ta hana wasannin daba da na daudu. A watan Mayu na 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da wasanni 22 a rana ɗaya, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Gidan Sarauta, bisa dalilin cewa ana sakinsu ba a kawo an tace ba. Hukuma tana da hujja, gama doka in ta tsallake manya ta kama ƙanana ta zama zalunci. Amma tacewa mako-mako aiki ne mai bukatar ma'aikata da sauri, da ƙa'idoji rubutattu waɗanda kowa zai karanta, da masana fiƙihu da masana harshe a zaune tare. Kuma lalle a tsare almakashin nan kada ya zama na yanke wasan da ya soki masu mulki, domin irin su Kwana Casa'in su ne farkon waɗanda za su sha shi.

Hani shi kaɗai an gwada shi. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa ta ƙasar Kano, malamai suka tashi a kansa, aka janye. Ginin bai tashi ba, amma bayan shekara huɗu wasannin suka shigo ta aljihun kowa, inda babu ganuwa babu ɗan doka. Ikon hukumar Kano kuma ba ya kai wa ga wanda ya ɗora wasansa daga wata jiha ko wata ƙasa. Saboda haka gyara ya koma hannun mutum huɗu.

Masu shirya wasa su ƙayyade wa labari iyaka tun kafin su fara, su kuma kai rubutunsu gaban malamin fiƙihu a duk inda aka taɓo aure ko saki ko gado ko rantsuwa. Zama ɗaya ya isa gyara abin da dubban gidaje za su koya.

Malamai su duba kafin su yi hukunci, gama hukunci a kan abu reshe ne na saninsa. Wanda ya ce duka haramun ne, alhali matansa da almajiransa sun ga alherin da ke cikin wasu, maganarsa ce za ta yi rauni a wurinsu, har ranar da zai faɗi gaskiya a ƙi ji. Ya ambaci mai kyau da sunansa, ya ambaci kuskure da hujjarsa, in kuma marubuci ya zo da tambaya a karɓe shi da fuska.

'Yan kasuwa su san cewa linzami yana hannunsu, tun da kuɗin tallarsu ne yake ɗaukar nauyin wasa. Wanda ba zai kafa rumfarsa a ƙofar gidan ashsha ba, kada ya sanya sunan shagonsa a wasan da zai ji kunyar kallo tare da 'yarsa. In kuma attajirai goma na Kwari da Singa da Kurmi suka haɗa abin da suke kashewa a talla suka ce a yi musu labarin fatake ko na malaman jihadi, za a yi.

Magidanci kuma ya zauna ya ga abin da iyalinsa suke gani, ya yanka masa lokaci bayan an sallaci lisha an biya karatu, ya zaɓi ɗaya ko biyu ya bar saura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya nuna wa al'umma gaskiya ya ba ta ikon binta, ya shiryi masu wannan sana'a ya sanya albarka a cikin halalinsu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya tsare idanun yara da zukatansu. Amin.

Tamat. Wassalamu.